Makullin Motar Abu Kamil

Unguwar Al-Shifa, Riyad
Asabar, 16 ga Nuwamba, 2013

Zuwa ga ƙanwata Sabuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Mansura da ƙaninta Amir da duk mutanen gida a Funtuwa. Na ga kiranki ban ɗauka ba. Muryata ce ba ta fita, shi ya sa na rubuta a takarda na ɗauki hotonta na turo wayar Rabi maƙwabciyarki, tunda taki ba ta karɓar hoto. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Mijinki Dawuda yana asibiti. Yana da rai, ki riƙe wannan tukuna. Ya faɗo daga kan mota ranar Alhamis da la'asar, ya bugu a baya da kai, har yanzu bai farfaɗo ba.

Na san za ki ce me ya kai mai haɗa dish kan mota. Wani Balarabe ne, Abu Kamil, yake da wata mota da suke kira karafan. Ba ki taɓa ganin irinta ba. Gida ne sukutum aka ɗora kan taya, da gado da kicin da banɗaki har da kujerun falo. Idan sanyi ya shigo sai su kwashi iyali su fita sahara su yi kwanaki. To shi wannan mutum ba ya iya kwana bai ga ƙwallo ba, ya ce a sa masa dish a rufin motar. Akwai irin wanda yake neman tauraron ɗan'adam da kansa, amma sai an yi oda an jira wata guda, shi kuwa a ranar yake son tafiya. Sai muka ce za mu sa masa irin na gida.

Muka same shi a gidan gonarsa da ke Dir'iyya, a gefen Riyad. Muka huda rufin wuri huɗu, muka ɗaure gindin dish da noti, muka toshe hudojin da silikon saboda ruwa, muka zuro waya ta bayan firji har zuwa risiba. Duk wannan lafiya lau. Saura neman tauraro. Kin san shekara bakwai ke nan muna aikin nan tare, kuma tsarinmu ɗaya ne: Dawuda a sama yana juya dish, ni a ƙasa ina kallon talabijin ina ce masa ƙara dama, sassauta, tsaya nan. Akwai wani layi kore a allon, in ya cika an kama.

Ranar layin ya ƙi cika. An faka motar a gindin itatuwan dabino, su ne suka tare inda tauraron yake. A gida in itace ya tare, sai ka cire dish ka canza masa wuri, nan kuwa mun riga mun huda rufi mun ɗaure. Abu Kamil yana ta shiga yana fita yana zaginmu, yalla yalla, wato mu yi sauri, ƙwallo ta kusa, har ya ce da mu jakuna.

Ana cikin haka motar ta yi baya. Akwai rumfar ƙarfe a bayanta wadda ake ajiye motoci a ƙarƙashi. Ƙarfen rumfar ya share Dawuda da dish ɗin gaba ɗaya, ya faɗo da baya kan bakin dandamalin siminti. Ƙarar da na ji ba zan rubuta miki ita ba.

A asibiti mun ce daga tsani ya faɗo. Kin san kamen 'yan ci-rani da ake yi a watan nan, ni da shi duk takardar zamanmu ba ta wannan aiki ba ce, in aka ji gaskiya sai a kwashe ni, shi kuma ya rasa mai zama kusa da shi. Kada ki gaya wa Inna tukuna, hawan jininta ba zai ɗauka ba. Ki yi ta addu'a.

Allah Ya ba shi lafiya. Ki shafa mini kan yara.

Yayanki,
Maiwada

*

Funtuwa
Lahadi, 17 ga Nuwamba

Yaya Maiwada,

Wa'alaikumus salam. Gaisuwarka ta iso, amma lafiya babu ita a gidan nan. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun jiya ban ɗora tukunya ba. Mansura ta ga ina kuka ta tambaye ni, na ce mata albasa ce. Yarinyar nan shekararta tara, ba ta yarda ba.

Na karanta takardarka sau biyar, Rabi ma ta karanta. Ka ba ni labarin noti, ka ba ni labarin silikon, ka ba ni labarin firji. Me ya dame ni da firjin Balarabe? Abu ɗaya nake nema a ciki ban samu ba. Ka ce motar ta yi baya. Haba Yaya! Mota akuya ce da za ta tashi ta yi tafiyarta? Wani ne ya zauna ya murɗa makulli ya taka, alhali Baban Mansura yana sama. Kai kuma da bakinka ka ce kana ciki kana kallon talabijin. To wa ka gani a gaba?

Sunansa nake so. Kuma ina so in ji abin da ka yi masa. Kai ka zo har tsakar gidan nan ka zauna a kan tabarma kana yi wa bawan Allahn nan daɗin baki, Saudiyya kaza, Saudiyya kaza, har ya rufe shagonsa na gyaran rediyo ya bi ka. Ranar tafiya na ce maka amana ce, ka ce a wuyanka. To ga amanar can kwance ba ta san inda kanta yake ba, wanda ya yi kuma yana yawo da ƙafafunsa biyu yana cin shinkafa.

Wallahi da ni ce a can, da yanzu an daɗe da raba mu da shi. Tun muna yara kai ne mai dukan duk wanda ya taɓa ni a hanyar makaranta. Yau da aka taɓa ni a inda ya fi ciwo sai ka koma marubuci? In ka bar shi haka, ban yafe ba, kuma kada ka ƙara kirana ƙanwarka.

Ka ɗauki waya in na kira. Allah Ya isa tsakanina da wanda ya yi wannan.

Sabuwa

*

Al-Shifa
Laraba, 20 ga Nuwamba

Sabuwa ƙanwata,

Salamu alaikum, da fatan kin ɗan samu sauƙin zuciya. Maganganunki sun shige ni, kwana biyu ina jin su a kunnena.

Sunansa Jibirilla. Direban Abu Kamil ne, mutumin Maraɗi, wani gajere mai furfura a gemu. Yana kwana a wani ɗan ɗaki a bakin ƙofar gidan gonar. Lokacin da Abu Kamil ya ji ƙara ya fito da gudu, shi ya tarar a kan sitiyari. Bai tambayi komai ba. Ya fizge baƙar igiyar nan da suke ɗaure mayafin kansu da ita, ya jawo Jibirilla ƙasa ta wuyan riga, ya dinga zabga masa a fuska da wuya har igiyar ta tsinke. Da ta tsinke ya koma sa ƙafa. Ba don Dawuda yake dukansa ba, don rufin motarsa da ya yage ne. Ni a lokacin ina riƙe da kan Dawuda, jini yana bin hannun rigata.

Kin ce wannan bai shafe ki ba, abin da ni na yi kike son ji. To jiya da safe na je. Na tarar da shi shi kaɗai yana wanke motar da tiyo, fuskarsa duk shatar igiya. Dish ɗin yana nan yashe a inda ya faɗi, ƙarfen hannunsa ya lanƙwashe. Na kwance ƙarfen. Ya juyo ya yi mini sallama, ya fara magana, ban bari ya ƙarasa ba. Na farko a baki na ba shi. Na ji ƙashi ya yi ƙas. Ya durƙusa cikin ruwan, ya ɗaga hannu yana karewa, na doki hannun, na ga yatsu biyu sun juya baya. Ya sake buɗe baki zai yi magana, na sake dukan bakin. Haƙori ya faɗo cikin kumfar sabulu. Tiyon yana ta zuba, ruwan ya koma ja yana gangarawa gindin dabino.

Bai rama ba, Sabuwa, ko sau ɗaya. Kallona kawai yake yi. Na jefar da ƙarfen na fita. Na ji an ce wani ɗan garinsu ya kai shi an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, sun ce faɗuwa ya yi. Ba zai kai ƙara ba. Kin ga an rama miki, maganar ta mutu a nan, don Allah.

Yanzu abin da ya fi wannan nauyi. Dawuda ya buɗe ido shekaranjiya. Akwai tiyo a maƙogwaronsa, ba ya magana, amma yana bin mutum da ido. Likita ya kira ni gefe ya nuna mini hoton ƙashin bayansa. Ya ce lakar ta tsinke daga ƙugu. Ya ce rai dai an samu, amma tafiya sai wani ikon Allah. Na so in ɓoye miki, na ga ba ni da ikon hakan.

Ki yi haƙuri da rashin ɗaukar waya, asibiti ba sa son hayaniya. Ki gaida Rabi, na gode mata.

Yayanki,
Maiwada

*

Funtuwa
Asabar, 23 ga Nuwamba

Yaya,

Salamu alaikum. Na gaishe ka, kuma na yaba, ka nuna kai ɗan babanmu ne. Amma ka ce maganar ta mutu? A wurinka ta mutu.

Muƙamuƙi yana haɗewa, Yaya. Yatsa yana warkewa. Nan da wata biyu wannan ɗan banzan zai zauna ya tauna nama ya koma kan sitiyari, ni kuwa har ƙarshen rayuwata zan dinga juya mijina a kan gado kamar jariri. Mutumin da yake hawa bene hawa huɗu da tsani a kafaɗa! Amir jiya yake cewa in Baba ya dawo zai koya masa keke. Na shige banɗaki na toshe bakina da zane.

Na kira Yaya Idrisu. Ka san shi, wan Baban Mansura da yake aikin fawa a Jidda. Na karanta masa takardunka duka biyu, ban rage ko harafi ba. Bai yi ihu ba, bai yi kuka ba. Sai ya ce in maimaita masa sunan da inda ɗakin yake. Na maimaita. Ya ce maigidansa ba zai sake shi ba sai Alhamis da yamma, zai hau bas, ranar Juma'a da hantsi yana Riyad. Ya rantse da kabarin uwarsu sai ya rama wa ƙaninsa.

Ba na neman ka yi komai. In ya tambaye ka hanyar Dir'iyya ka nuna masa, shi ke nan. Kada kuma ka fara yi mini wa'azi, zuciyata ba ta da wurin ajiye shi yanzu.

Ka ce wa Baban Mansura muna nan muna jiransa ko a yaya yake.

Ƙanwarka,
Sabuwa

*

Dir'iyya
Talata, 26 ga Nuwamba

Zuwa ga iyalin Malam Dawuda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar girma, ina yi miki jajen abin da ya samu maigidanki. Allah Ya tashi kafaɗarsa, Ya raya ɗiyanki. Ba ki san ni ba, amma kin san sunana. Ni ne Jibirilla.

Ki yi haƙuri da rubutun, da hannun hagu nake yi. Da bakina yana buɗewa da kira zan yi. Wayar Malam Dawuda tana wurina, ni na tsince ta inda ya faɗi, a cikinta na ga lambar da aka rubuta Rabi maƙwabciya. Ɗan garinmu Abdou ne zai ɗauki hoton takardar ya aika.

Jiya wani ya samo lambata ya kira ni, ya ce shi ne Idrisu, wan Malam Dawuda. Ban iya amsawa ba, shi ya yi ta magana ni ina saurare. Ya ce shekara ashirin yana yanka, ya san inda ake sa wuƙa dabba ba ta yi ƙara ba. Ya ce in yi sallar asuba ta Juma'a da kyau. Ba ni da inda zan gudu, fasfona yana hannun Abu Kamil. Ina da ɗiya huɗu a Maraɗi. Na yi alkawarin yin shiru, na riƙe shi kwana goma sha biyu, na riƙe shi har da haƙorana. Amma ban yi alkawarin mutuwa ba.

Tsohona direban babbar mota ne. Abu na farko da ya koya mini shi ne, duk wanda zai shiga ƙarƙashin mota ko ya hau samanta, makulli yana aljihunsa har ya fito. Shekara ashirin da shida ina tuƙi ban taɓa saɓa wannan ba. Ranar Alhamis ɗin nan, da Malam Dawuda zai hau, na cire makulli na sa masa a aljihun gaba da hannuna. Har ya yi dariya ya ce su masu aikin gidaje ba su saba ba, gida ba ya tafiya. Da aka kira la'asar na ce musu zan je masallacin bakin titi in dawo, in ana son matsar da mota a jira ni.

Ina dawowa, daga bakin ƙofa, na ji injin yana aiki. Na ga motar ta zabura baya, na ga rumfa ta ɗauke shi. Na ga ƙofar direba ta buɗe, yayanki Maiwada ya diro ya ruga wurinsa. Bai kashe injin ba, bai cire giya ba. Motar ta ci gaba da silalowa baya, Malam Dawuda yana kwance daidai inda tayar za ta bi. Na yi gudun da ban taɓa yi ba, na faɗa ciki na taka birki. Kujerar an tura ta baya, ƙafata da ƙyar ta kai, don ni gajere ne. Da na leƙo, tsakanin tayar da kansa bai fi taki ɗaya ba. A haka Abu Kamil ya fito ya same ni.

Ana dukana ina kallon yayanki, yana kallona, bai ce shi ne ya tuƙa ba. A ƙofar asibiti ya riƙe hannuna yana kuka, ya ce ba shi da lasin, in aka sani kurkuku zai tafi, marar lafiya ya rasa mai jinya. Na ce na ji, na ɗauka. Bulala ce, ta riga ta wuce.

Ranar Talatar da ya zo, ni na kira shi ya karɓi wayar da jakar kayan aikinsu. Abin da na fara ce masa shi ne, duniya mu ɓoye mata, amma matar mutumin nan tana da haƙƙin ta ji gaskiya daga bakinka. Nan na tsaya, sauran kin sani.

Ba ni da shaida sai Allah. Ba na cewa ki yarda da baƙo ki bar ɗan'uwanki. Ki tambaye shi abu ɗaya: yaya makulli ya fito daga aljihun mutumin da yake sama? Ba na neman a taɓa shi, bai yi da gangan ba, na ga fuskarsa ranar. Ina roƙonki ki tsayar da Idrisu.

Na bar ki lafiya. Allah Ya ba mu alheri.

Jibirilla ɗan Maraɗi

*

Funtuwa
Laraba, 27 ga Nuwamba

Yaya Maiwada,

Salamu alaikum. Tun safe na kira ka sau goma sha huɗu.

Ga hoton wata takarda da ta zo mini, ka karanta. Da farko na so in share ta. Sai na tuna wani abu. Ranar da ka fasa tulun Inna ka ce kaza ce, da ranar da ka sayar da tunkiyar Baba ka ce ɓata ta yi, duk ba a kama ka da komai ba sai da muryarka. In ka yi ƙarya rawa take yi, kowa a gidanmu ya sani. Kwana goma sha uku ke nan ba ka bari na ji ta ba.

Ba na son takarda. Ka kira ni ka ce, Sabuwa, ba ni na tuƙa motar nan ba. Kalma nawa ce? In na ji ta tsaye, na rantse zan bar Yaya Idrisu ya yi abin da ya fito yi. Saura kwana biyu.

Sabuwa

*

Al-Shifa
Laraba da yamma

Sabuwa,

Wa'alaikumus salam. Na ɗauki wayar sau uku ina ajiyewa. Ba zan iya ba.

Ni ne.

Layin ya tsaya a arba'in cikin ɗari, Balaraben nan yana tsaye a kaina yana tofa mini yawu, ya ce in ƙwallo ta fara babu hoto zai kira 'yan sanda su duba takardunmu. Ya koma ciki. Na leƙa na ga in motar ta matsa baya kamar taku goma za ta fita daga dabinon. Na ce da Dawuda ya jefo makulli. Ya ce mu jira direba. Na daka masa tsawa, na ce ni ne babba ko shi? Ya jefo. Ya ce bari ya sauko, na ce a'a, in ya saki dish za mu rasa inda muka kai, ya zauna ya riƙe shi da kyau. Shekara bakwai in na ce riƙe yana riƙewa. Ya riƙe.

Ban taɓa tuƙa abin da ya wuce ƙaramar mota ba. Na ɗan taka, ta zabura kamar an sake ta daga turke. Rumfar kuwa sam ban tuna da ita ba, saboda a raina gida nake ciki, ban taɓa lissafa tsawon gida ba.

Duk abin da Jibirilla ya rubuta haka ne. Shi ya tsare kan mijinki daga taya, ni kuma na fasa masa baki. Kada ki ɗauka don ke na yi. Takardarki dalili kawai ta ba ni. Na doki bakin nan ne don shi kaɗai ne a duniya zai iya faɗa.

Yau da rana aka cire wa Dawuda tiyo. Na sunkuya kusa da shi, ya daɗe yana motsa leɓe, sannan ya ce, "Yaya, ya kama?" Ban gane ba. Ya ce, "Layin, ya cika?" Bai tuna komai ba, Sabuwa. A wurinsa har yanzu yana sama yana jiran in ce tsaya nan. Na ce masa ya kama. Ya yi murmushi ya koma barci. Na fita na zauna a matakala na yi kukan da ban yi ba ranar da Baba ya rasu.

Ki tsayar da Idrisu, don girman Allah, kada jinin bawan Allahn nan ya hau kanmu. Amma ina roƙonki da nonon da muka sha, kada ki ba shi sunana. Kin san shi. Ki ce masa birki ne ya saki, ki ce masa komai. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Zan yi jinyar Dawuda har in mutu, zan kawo shi gida a bayana in ta kama. Ki yafe mini in za ki iya.

Yayanki, in har yanzu kin yarda,
Maiwada

*

Funtuwa
Alhamis, 28 ga Nuwamba

Maiwada,

Salamu alaikum.

Na kira Yaya Idrisu da safe. Na ce masa birki ne, ya ce birki ba ya murɗa makulli. Ya ce ya rantse, kuma ba ya komawa. Ni na kunna shi, na kasa kashe shi, wannan nawa laifin ne, zan amsa shi gaban Allah tare da haƙoran Jibirilla.

Abin da na iya shi ne, na ce masa sunan da na ba shi kuskure ne, direban nan shi ya ceci ɗan'uwansa, in ya taɓa shi ban yafe ba duniya da lahira. Ya yarda. Ya ce to wane ne. Ban faɗa ba. Na ce masa mutum ɗaya ne a Riyad ya san wanda ya tuƙa motar, na ba shi kwatancen ɗakinka a Al-Shifa.

Yau ka je Dir'iyya ka durƙusa gaban wannan bawan Allah. Gobe da hantsi ka zauna a ɗakinka ka bar ƙofa a buɗe. Idrisu ba ya karanta boko, takarda ba za ta yi maka aiki ba. Da bakinka za ka yi magana.

Ina azumi yau, kuma kai nake yi wa addu'a. Allah Ya kai mu goben.

Sabuwa, matar Dawuda